Kwalba ta huɗu a teburin alƙalan giya

Tun daren Juma'a aka aiko mini da sharuɗɗan: kada in shafa turare, kada in sha kofi da safe, kada in ci abu mai yaji, in kuma zo da fensir mai ɗan bututu, ba na katako ba, don ƙamshin katakon fensir yana shiga hanci ya rikita mutum. Da ƙarfe tara na safiyar Asabar, cikin sanyin Nuwamba, ina zaune a wani ƙaramin zaure a arewacin Mancesta, gabana takardu shida, kofuna, gorar ruwa da busasshen biskit mara gishiri. Shekara biyu na yi a wannan ƙungiya ta masu dafa giya a gida ina aikin ɗauko kwalabe da wanke kofuna a ranar gasa. Wannan ne karon farko da aka ce in zauna a kujerar alƙali.

Na san yawancin masu karanta wannan ba sa shan giya, addini ya hana, kuma ba na rubuta shi don in kwaɗaitar da kowa. Ni ma a gidanmu mahaifiyata, mai riƙon coci da gaske, ba ta yarda da ita ba har gobe. Amma kakanninmu Maguzawa ne, kuma kakata ta wajen uba da sana'ar burukutu ta ciyar da 'ya'yanta a wani ƙauye tsakanin Zariya da Kano. Ina yaro na ga yadda take jiƙa dawa, ta shanya ta a inuwa har ta yi tsiro, ta busar, a niƙa, ta dafa a manyan tukwane, ta tace, ta bar shi ya kwana yana tsartuwa. Burukutu ba ya jiran kowa. Ana shansa yana kan motsi a cikin ƙwarya, in ya wuce kwana biyu ko uku ya zama tsami zalla, sai a zubar. Saboda haka da na zo Ingila na ji wai akwai giyar da ake ɓoyewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara biyar, shekara goma, har ashirin, a fito da ita ta fi yadda aka sa ta daɗi, abin ya tsaya mini a rai. Son in gane yadda hakan ke faruwa shi ya kai ni wannan zaure.

An haɗa ni da wani dattijo wanda ya yi fiye da shekara talatin yana wannan aiki. Baba nake ce masa tun ranar da muka fara haɗuwa, shi kuma ya karɓi sunan da hannu biyu. Rukunin da aka ba mu shi ne na giya mai ƙarfi irin ta Ingila da suke kira barley wine, wato ruwan inabin sha'ir, ko da yake babu ko ƙwayar inabi a cikinta. Sha'ir ne mai tsiro, da ruwa, da furen hop mai kawo ɗaci, da yis. Ƙarfinta ne ya kai na ruwan inabi, daga kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari, alhali giyar da ake sha yau da kullum a nan ba ta cika wuce kashi 4 ko 5 ba. Kwalabe shida aka kawo, duk dafin gida, ƙaramar cikinsu shekararta biyu, babbar kuma ta kai tara. Ba mu san mai ko ɗaya ba. Lamba ce kawai a kan marfi, sai shekarar da aka ɗura.

Takardar makin ta wata ƙungiya ce ta Amurka, BJCP, wadda aka kafa a 1985 don horar da alƙalan giya. Maki 50 ne gaba ɗaya: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda take zama a baki, 10 na ra'ayin alƙali a dunƙule. Kowane alƙali shi kaɗai yake cika tasa, ba magana, ba leƙe. Sai an gama a haɗa, kuma ba a son tazarar da ke tsakanin biyun ta wuce maki 7. In ta wuce, sai an zauna an yi ta magana har a matso kusa.

Kafin a buɗe ta kowa, Baba ya ciro wata ƙaramar kwalba daga jakarsa, ya ce mu daidaita baki tukuna. Harvest Ale ce ta kamfanin J.W. Lees, wanda ke nan Middleton kusa da mu tun 1828. Tun 1986 suke dafa wannan giya sau ɗaya a shekara da sabon amfanin gona, ƙarfinta kashi 11.5, kuma ana rubuta shekarar a jikin kwalba. Tasa ta haura shekara goma a ɗakinsa na ƙasa. Ya zuba mini kamar cokali uku, ya ce, "Kada ka sha. Shinshina, ka gaya mini abin da ka ji, da kalmominka, ba na littafi ba."

Na kai hanci. Abin da ya fara zo mini shi ne maɗin ɗinya, baƙin nan mai kauri da ake dafawa a ƙauye. Bayansa dabino, irin busasshen nan da ya kwana a aljihu ya yi laushi, sai mazarƙwaila. Na faɗa masa, na yi ƙoƙarin bayyana masa mece ce ɗinya. Ya gyaɗa kai ya ce su abin da suke kira da sunan zabibi da alewar madara da tsohon ruwan inabin Sifen ke nan, kuma in riƙe nawa sunayen, don hanci ba ya tuna abin da bai taɓa shaƙa ba. Wannan magana ta sauke mini wani nauyi. Watanni na yi ina haddace jerin kalmomin Turawa na 'ya'yan itatuwan da ban taɓa ci ba, ashe Hausa ta riga ta ba ni kayan aiki. Muna da gardi, muna da bauri, muna da ƙauri, gafi, maƙaƙi, lami. Bature sai ya yi jimla guda kafin ya faɗi abin da kalmar gardi kaɗai ta ɗauka.

Yadda ake yi kuwa ba gaggawa. Ana buɗe marfi a saurari ƙarar iska, don ita ce shaidar farko ta cewa kwalbar ta riƙe. A zuba a hankali a karkace, a bar laka ta yis a gindi. A shinshina nan take, domin wasu ƙamsoshin ba sa daɗewa, a rubuta. A ɗaga kofi a haske a duba launi da kumfa. Sannan a kurɓa kaɗan, a zagaya da ita ko'ina a baki, a haɗiye. Masu ɗanɗana ruwan inabi tofarwa suke yi, alƙalin giya kuwa sai ya haɗiye, saboda ɗacin hop da ɗumin barasa a maƙogwaro suke bayyana, bayan an haɗiye. Shi ya sa ake zuba kaɗan ƙwarai, a kuskure baki da ruwa tsakanin kowace biyu, kuma ba wanda ke zuwa da mota ranar. Giyar ma ba a kawo ta da sanyin firji. Wajen digiri 12 zuwa 14 ake so, domin sanyi yana rufe bakin ƙamshi.

Kwalba ta farko shekararta biyu, kuma ba ta gama nuna ba. Barasar tana da kaifi, tana yi wa hanci kamar an buɗe kwalbar man goge farce, ɗacin hop yana gefe guda, zaƙin yana gefe guda, kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji. Na ba ta 29, Baba ya ba ta 30, muka rubuta wa mai ita ya ƙara mata shekara biyu ko uku. Ta biyu ta yi zaƙi har yana ginsa, alamar yis ɗin ya gaji bai cinye sukarin da ya kamata ba. Ta uku tana da wani wari kamar na fata da turken doki. Baba ya ce wani yis ne na daji mai suna Brettanomyces, wanda wani masani ɗan Denmak, Claussen, ya ware a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg daga tsohuwar giyar Ingila da ake ajiyewa a ganga, ya wallafa bayaninsa a 1904, har sunan ma ma'anarsa naman gwarin Birtaniya. A rukunin da suke kira old ale, wato tsohuwar giya, ana iya lamunta da kaɗan daga cikinsa, amma a namu rukunin ba wurinsa ba ne. Muka rage mata maki, muka kuma rubuta cewa da an shigar da ita wancan rukunin da ta fi haka samu.

Sai aka kawo ta huɗu. Shekara shida.

Ƙarar marfin ba ta yi ƙarfi ba, ɗan huci ne kawai. Launinta ja mai duhu kamar zoɓon da aka dafa da kyau, tas da ita, kumfar siririya ta kwanta a gefen kofi kamar zobe. Na kai hanci, sai na ji daddawa. Ba kama ba ce ta nesa, daddawa ce sosai, irin wadda ake ɓarewa daga ganye a jefa a miyar kuka, haɗe da dabino da ɗan ƙaurin sukarin da ya kama gindin tukunya. Na rufe ido. Shekara goma sha ɗaya rabona da gida a lokacin, kuma ga ni a tsakar gidan kakata da yamma, hayaƙi yana tashi, ana kaɗa miya da maburgi. Hannuna har rawa yake yi ina rubutu. Na ba ƙamshi 10, kamanni 3, ɗanɗano 16, zama a baki 4, ra'ayi 8. Jimla 41, wato ta shiga sahun waɗanda takardar ke kira nagartattu.

Baba ya juyo da tasa takardar. 31.

Tazarar maki goma. Na ji kunya, na kuma ji haushi, don na tabbata abin da na ji na ji shi. Na ce, "Baba, wannan ita ce mafi zurfi a duk waɗanda muka sha yau. Mu a wajenmu cewa ake yi da tsohuwar zuma ake magani." Na fassara masa karin maganar. Ya yi murmushi ya ce maganar gaskiya ce a kan zuma, don zuma ba ta lalacewa, amma giya tana da ranar da take kai ƙololuwa, tana kuma da ranar da take fara gangara, kuma aikinmu shi ne mu gane a wane gefen tudun take. Bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi in rufe bakin kofin da tafin hannu, in riƙe gindinsa da ɗaya hannun ya ɗumama, mu yi shiru minti uku.

Cikin shirun nan ya yi mini bayani a hankali, murya ƙasa-ƙasa don kada mu dami teburin da ke kusa. Ko yaya aka rufe kwalba, akwai 'yar iska da ke maƙale a wuyanta, wata kuma tana silalowa ta gefen marfi cikin shekaru. Ita wannan iskar ce ke aiki a hankali. A giya mai ƙarfi mai duhu, ita ke tausasa kaifin barasa, ta kwantar da ɗacin hop, ta fito da ƙamshin dabino da zabibi. Amma iskar nan dai ita ce, in ta yi yawa ko ta daɗe, take kawo warin jiƙaƙƙen kwali, ta kuma tsinke jikin giyar ta koma tsululu. Abin da na ji kamar daddawa kuma daga yis ne. In ya mutu a gindin kwalba ya daɗe, ƙwayoyinsa suna fashewa su zubar da abin da ke cikinsu, sai a ji ɗanɗanon romo ko na miyar waken soya. Kaɗan daga ciki yana ƙara armashi a tsohuwar giya. In ya hau kan komai, alama ce ta cewa giyar ta sha zafi a inda aka ajiye ta, domin zafi yana ninka saurin duk waɗannan abubuwa. Dalilin da ya sa ake neman ɗakin ƙasa ke nan: duhu, da sanyi wajen digiri 10 zuwa 13 wanda ba ya hawa ba ya sauka, kwalba kuma a tsaye.

Na ɗaga hannuna daga bakin kofin. Daddawar ta ninka, ta danne dabinon har sai na neme shi. Na kurɓa, wannan karon ban rufe ido ba. Farkonta da daɗi, ba zan janye wannan ba. Amma a tsakiya babu komai, kamar kunun da aka ƙara wa ruwa don ya isa baƙi. Bayan na haɗiye na ƙirga goma a zuci, sai ga shi ya taso daga ƙasan harshe: kwali. Irin kwalin taliyar da ruwan sama ya daka a bakin shago. Yana nan tun kurɓar farko, ban ji shi ba ne saboda hankalina yana can Najeriya.

Abin da ya fi yi mini wuya ranar shi ne goge lambar 41. Ji na yi kamar ina musun abin da ya faru da ni minti biyar da suka wuce. Amma takardar ba tawa ba ce, ta mai giyar ce. Mutum ya ɓata yini guda yana dafa sha'ir, ya jira shekara shida, ya biya kuɗin shiga gasa, don a gaya masa gaskiyar abin da ke cikin kwalbarsa. In na ba shi 41 saboda kewar gida, zai koma ya ci gaba da ajiye sauran kwalaben a inda suke lalacewa, yana zaton suna ƙara kyau. Na sauke ƙamshi zuwa 8, ɗanɗano 13, zama a baki 3, ra'ayi 7, na bar kamanni a 3. Ya zama 34.

Sai dai ban sakar wa Baba komai ba. Na ce masa akwai wani abu a farkon kurɓa da bai rubuta ba, abin da muke kira gardi, daɗin nan na gyaɗar da aka soya a rairayi daidai, ba ta ƙone ba, ba ta kuma yi ɗanye ba. Na ce wannan daga sha'ir ne da doguwar tafasa, ba daga shekaru ba, kuma shaida ce cewa wanda ya dafa ta ya iya aikinsa, wurin ajiya ne ya ci amanarsa. Ya sake kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki, ya ɗauki fensir ya ƙara maki biyu a ɗanɗano. Tasa ta zama 33. Ya ce in maimaita masa kalmar, ya rubuta ta a bayan littafinsa.

Ta biyar ba ta da wani laifi, ba ta kuma da abin tunawa. Ta shida ita ce mai shekara tara, kuma saura kaɗan in wuce ta, don bakina ya gaji kuma ba ta yi mini ihu ba. Ƙamshinta a hankali yake fitowa, ɓaure da zuma da ɗan ɓawon lemo. Sai da ta ɗumama a hannu na gane babu abin da ya fi wani tsayi a cikinta. Zaƙin yana zuwa, ɗacin yana biye da shi ya share hanya, irin yadda goro ke yi: bauri tukuna, in an kurɓi ruwa sai baki ya yi zaƙi. Barasar ba a jin ta a harshe ko kaɗan, sai wani ɗumi da ke sauka a ƙirji. Na ƙirga goma bayan haɗiya ina jiran kwali, na ƙirga ashirin, bai zo ba. Na ba ta 43, Baba ya ba ta 44, ita muka tura teburin ƙarshe.

Rubuta wa mai kwalba ta huɗu shawara ya ɗauke ni lokaci fiye da duk sauran. Na fara da gardin, don shi ne gaskiyar farko. Na ce girkin ba shi da matsala, kada a taɓa shi. Na ce giyar ta wuce ganiyarta da kamar shekara biyu, kuma alamu sun nuna ta sha zafi. In akwai saura a sha su cikin wannan hunturu, in za a sake dafawa a rage iskar da ake bari a wuyan kwalba, a nemi wuri mai sanyi. A layin ƙamshi na bar kalmar daddawa yadda na rubuta ta tun farko, na manta ban goge ba.

Da yamma bayan an faɗi sakamako aka raba wa kowa takardunsa. Ina tattara kofuna, don hannuna ya saba, sai wata mata mai kimanin shekara hamsin ta zo riƙe da takarda tana tambayar wane ne ya rubuta wannan. Ta nuna kalmar da yatsa ta ce ta duba a waya ba ta gane ba. Na yi mata bayanin ɗorawa, da yadda ake dafa kalwa a wanke a rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi wari, a daka a mulmula. Ta saurara sosai. Daga nan ta ce maganar zafin gaskiya ce: gidanta ba shi da ɗakin ƙasa, a saman rufi ta jera kwalaben, inda da bazara ko numfashi ba a iya yi. Saura kwalba goma sha huɗu. Ta tambaye ni ko ƙarƙashin matakala zai yi, na ce ya fi rufi nesa ba kusa ba, in dai bututun ruwan zafi bai bi ta wajen ba.

A taron wata mai zuwa na biya ta wani shagon 'yan Najeriya a titin Moston Lane na sayi daddawa ƙulli biyu, na naɗe a leda uku saboda mutanen cikin bas. Na ba matar ɗaya, na miƙa wa Baba ɗaya. Ya kwance, ya kai hanci, ya ja baya da sauri, sannan ya sake matsowa a hankali ya shaƙa sau biyu gajeru kamar yadda yake yi wa kofi. Ya buɗe littafinsa ya rubuta ta a ƙarƙashin gardi, ya tambaye ni ko da d biyu ake rubuta ta a tsakiya.